Farin cikon haƙori: inda ya ci kuɗinsa da inda bai ci ba

Farin ciko, wanda likitocin haƙori ke kira kompozit, haɗi ne na danƙon roba da garin gilashi mai laushin gaske. Tushensa danƙon da wani likita Ba'amurke, Rafael Bowen, ya haɗa a farkon shekarun 1960. Idan aka iya sa shi a haƙorin gaba, ko mai haƙorin sai ya kafa wa madubi ido kafin ya gano inda cikon ya tsaya. Kaya ne mai kyau, amma ba ya yafe sakaci ko kaɗan, kuma rabin ingancinsa yana hannun mai sa shi ne.

Aikin yana farawa da zaɓen launi, tun haƙorin yana da danshi, don busasshen haƙori yakan ƙara haske ya yaudari ido. Akwai jerin haƙoran gwaji masu lamba, A1, A2, A3 da sauransu, da ake karawa a jikin naka. Daga nan sai allurar kashe zafi idan ramin ya yi zurfi, a kankare ruɓaɓɓen wurin, a shafa asid mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 cikin 100 na kimanin daƙiƙa 15, a wanke, a shafa ruwan gam, a haska shi da shuɗiyar fitila don ya daskare.

Zubin cikon shi ne wurin da ake gane gwani. Ba a danna shi gaba ɗaya kamar ana liƙe tsagar bango. Ana sa shi ne hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce kaurin milimita 2, a haska shi kimanin daƙiƙa 20 kafin a ɗora na gaba. Dalili biyu ne. Hasken ba ya ratsa abin da ya fi haka kauri, sai sama ta sandare ƙasa ta zauna ɗanye. Sannan kompozit yana tsukewa yayin da yake daskarewa, kusan kashi 2 zuwa 3 cikin 100, kuma idan dunƙulen ya yi girma sai ya janye daga bangon ramin ya bar 'yar kafa da ido ba ya gani. Ta wannan kafar ruwan sanyi ke kai wa haƙori tsami, ta nan kuma ruɓa ke komawa ƙarƙashin cikon. Akwai sabon samfuri da aka yi don a zuba milimita 4 lokaci guda, amma sai in shi ne takamaimai aka buɗe.

Babban abokin gabansa yawu ne. Ɗigo ɗaya na yawu ko jinin dasashi ya isa ya ɓata gam ɗin, bayan 'yan watanni cikon ya faɗo ana tsakiyar cin tuwo. Shi ya sa asibitin kirki ke keɓe haƙorin da shimfiɗar roba, ko aƙalla auduga da bututun tsotse yawu. Masu ɗanɗana man kanumfari a ramin haƙori su faɗa wa likita, domin sinadarin da ke cikinsa yana hana kompozit daskarewa yadda ya kamata. Fitilar da batirinta ya yi sanyi, da kayan da suka sha zafin bazara a wurin ajiya ko wa'adinsu ya wuce, su ma suna kawo irin wannan matsalar. Ba rashin kunya ba ne a nemi ganin ranar ƙarewar da ke jikin sirinjin da kompozit ɗin ke ciki.

A haƙoran gaba, da giɓin da faɗuwa ta jawo, da ƙananan ramuka, ba shi da na biyu, kuma ba a cin lafiyayyen haƙori da yawa kafin ya kama. A babban rami a turmi kuwa, tsohon cikon nan mai ruwan azurfa yakan fi shi jure tauna, ya fi arha, bai damu da ɗan danshi ba. Aibinsa muni da kuma zaiba, wadda ita ce kusan rabin haɗinsa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi daga Janairun 2025. Ga yaro da ba ya zama wuri ɗaya, ko rami a gindin dasashi da ya ƙi bushewa, wani nau'in ciko da ake kira gilas-ayonoma, irin su Fuji IX, ya fi dacewa, ko da yake bai kai kompozit kyau da ƙarfi ba.

Mai cin goro da shan baƙin shayi ya sa a ransa cewa gefen cikon zai rine, kuma maganin haskaka haƙori ba ya canza launinsa, sai dai a goge ko a sake. Fasa ƙashi da buɗe kwalba da haƙori kuwa, ko na asalin ba ya so.

Kafin ka sauka daga kujera za a ba ka wata 'yar takarda mai launi ka ciza. Kada ka yi kara. Idan ka ji cikon yana riga sauran haƙora taɓawa, faɗa a rage shi nan take. In tsami ya wuce mako biyu, ko zogi ya fara tashinka da dare, a koma a duba jijiyar.