TSH 6.8 da ƙarin ƙiba: a jira ko a fara magani?

Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Marusa a Katsina, mai shekara 34, ta kawo sakamakon gwajin jininta na tayirod: TSH 6.8, T4 kuma 14. Kasala ta dame ta, tana yawan jin sanyi, gashinta na karyewa, ta ƙara kilo 9 cikin shekara biyu. Wani likita ya ce ta dawo bayan wata uku, wani ya ce ta fara magani yanzu. Tana so ta san wanne ne daidai, kuma ko maganin zai rage mata jiki.

Hajiya, tayirod ita ce 'yar tsokar nan ta gaban wuya da in ta kumbura ake cewa maƙoƙo. T4 shi ne sinadarin da take samarwa. TSH kuwa daga ƙasan ƙwaƙwalwa yake saukowa, bulala ce: in tayirod ta yi nawa, sai a ƙara mata. A yawancin ɗakunan gwaji TSH mai kyau yana tsakanin 0.4 da 4.0, T4 kuma wajen 12 zuwa 22, amma ki bi ma'aunin da aka buga a takardarki, domin na'ura ta bambanta da na'ura.

Ga mai cikakkiyar gazawar tayirod, TSH ya hau, sau da yawa ya wuce 10, T4 kuma ya faɗi ƙasa da ma'auni. An yi bulalar, jakin bai tashi ba. Wannan babu jayayya, magani ne, galibi har ƙarshen rayuwa. Ke kuwa TSH ɗinki ya ɗan hau amma T4 na nan daram. Jakin na tafiya, sai dai da ɗan duka. Kina kan iyaka ke nan, kuma a nan ne likitoci ke saɓawa ba tare da wani ya yi kuskure ba.

Hujjar wanda ya ce ki jira tana da ƙarfi. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, domin TSH yana hawa na ɗan lokaci bayan an tashi daga zazzaɓi mai tsanani, yana hawa a watannin bayan haihuwa, ya fi yawa da asuba fiye da la'asar, kuma ita kanta ƙiba tana ɗaga shi kaɗan. Da yawa daga masu adadi irin naki in aka maimaita sai a tarar ya sauka da kansa. Shi ya sa ƙa'idar da hukumar NICE, mai tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin magani, ta fitar a 2019 ta nemi gwaji biyu, wata uku tsakaninsu. Ki yi na biyun da safe, a ɗakin gwajin da kika yi na farko, kuma ki dakatar da ƙwayar gyaran gashi mai biyotin kwana biyu zuwa uku kafin ranar, tana rikita sakamako. Ki nemi a haɗa miki da gwajin TPO, mai duba ko garkuwar jiki na yaƙar tayirod. In ya nuna garkuwar jikinki ce ke cin tayirod ɗin, kusan 4 cikin 100 na irin waɗannan ke komawa cikakkiyar gazawa kowace shekara. In bai nuna ba, 2 zuwa 3 ne.

Wanda ya ce ki fara ma bai yi ɓatan kai ba, sai dai ya yi sauri. Ƙa'idar ta yarda mai ƙasa da shekara 65 da ke da alamomi, TSH ɗinsa ya tsaya a sama sau biyu, ya gwada Levothyroxine, ƙwayar da ke maye gurbin T4, na wata shida. In adadin ya daidaita amma kasalar ba ta tafi ba, sai a tsayar a nemi dalili a wani wajen. Ga tsofaffi ma, binciken TRUST na 2017 a kan mutum 737 'yan shekara 65 zuwa sama masu TSH a kan iyaka bai ga maganin ya kawo wani sauƙi ba. Wuri ɗaya ne ba a jira: in kina da ciki ko kina neman haihuwa, ki faɗa wa likita a ranar, ma'aunin masu ciki ya fi tsauri.

Maganar kilo 9 fa? A nan za mu ɓata miki rai kaɗan. Ko a cikakkiyar gazawa, abin da ake jingina wa tayirod bai cika wuce kilo 2 zuwa 5 ba, mafi yawansa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. TSH 6.8 da lafiyayyen T4 ba zai ɗauki nauyin kilo 9 shi kaɗai ba. A duba sukari, a duba ƙarancin jini, musamman in al'adarki na zuba da yawa, a tambayi barcinki da minshari, a duba allurar tazarar haihuwa ta wata uku da duk wani maganin da ke da sitiyarod a ciki. Masu ƙara wa kansu Levothyroxine don su rame kuwa, bugun zuciya da zaizayar ƙashi suke saye da kuɗinsu.

In an kai ga rubuta miki, akan fara da maikurogiram 25 zuwa 50, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8, domin maganin yana ɗaukar makonni kafin ya zauna a jini. Abin da ya fi lalata shi shi ne yadda ake sha. Da ruwa zalla ake haɗiya, ciki wayam, a jira minti 30 zuwa 60 kafin koko ko shayi mai madara. Maganin ƙarin jini, na kalsiyam da na gyambon ciki mai kama da alli, a ba su tazarar awa huɗu. Kada ki ajiye shi a mota ko jikin taga, zafin Afrilu na Katsina yana rage masa ƙarfi. Da azumi ki sha rabin awa kafin sahur, ko lokacin kwanciya bayan awa uku da cin abinci na ƙarshe.

Gishirin girki kuma ya zama mai aidin, sinadarin da tayirod ke buƙata, a rufe a mazubi, musamman a gidan da gero da rogo ke yawa a tukunya. Ba mu ce ki bar fura ba.