Hoto uku don ɗaki ɗaya: sharhina kan haɗa HDR da Lightroom da Photomatix

Duk mai ɗaukar hoton cikin gida ya san wannan ciwon kai. Ka saita kyamara don ɗaki ya fito, taga ta zama fara fat, ba a ganin labule balle bishiyar da ke tsakar gida. Ka saita don taga, ɗakin ya koma baƙi ƙirin. Ido yana iya riƙe duka biyun lokaci guda, kyamara kuwa sai ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya. Yawancin aikina hoton gidajen haya da na sayarwa ne da dillalai ke kawo mini, sai tsofaffin soraye da zaurukan cikin birni idan na samu sarari, don haka dabarar HDR, wato haɗa hotuna masu haske daban-daban su zama hoto ɗaya, ta zame mini dole. Na daɗe ina aiki da manhajoji biyu, Lightroom Classic na kamfanin Adobe da Photomatix Pro na HDRsoft, kuma ga abin da na gani.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun wajen 1857 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, yake ɗaukar teku a faranti ɗaya na gilashi, sama a wani, ya haɗa su wajen wanki. Kwamfuta sauƙaƙa aikin kawai ta yi. Ana ɗaukar wuri ɗaya sau da yawa ba tare da kyamara ta motsa ba, wani hoton da duhu, wani daidai, wani da haske sosai, sannan manhaja ta tsinci abin da ya fito da kyau a kowanne.

Rabin aikin a wurin ɗauka yake ƙarewa, kuma babu manhajar da za ta gyara abin da aka lalata a nan. Ina kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, in bar buɗin ido, wato faɗin kafar da haske ke shiga kyamara, a f/8, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a 100, in kashe saitin fokas na kai-da-kai bayan na daidaita shi. Lokacin buɗewa kaɗai nake canzawa. Idan na tsakiya ya kama 1/15 na daƙiƙa, mai duhun zai zama 1/60, mai hasken 1/4, wato tazarar mataki biyu kowane gefe, kowane mataki kuwa ninka haske ne ko rage shi da rabi. Wanda ya taɓa buɗin ido a tsakanin hotunan zai ga abin da ke baya ya fito tar a wannan, ya yi dishi-dishi a wancan, haɗin ba zai zauna ba. Ina kuma sa jinkirin daƙiƙa biyu don kada yatsa ya girgiza kyamara. Kuma RAW nake ɗauka kullum, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba.

Uku sun isa falo mai taga biyu. Zauren ƙasa daban ne. Ka shiga irin wanda ba shi da taga ko ɗaya, rufinsa na azara ya sha hayaƙin shekaru, ƙofa kuma tana kallon rana tsaka da azahar, a nan sai biyar, daga 1/250 har daƙiƙa ɗaya cur. A mai duhun ƙarshe babu abin da ake gani sai bakin ƙofa da dabon gidan da ke tsallaken lungu. A mai hasken ƙarshe ƙofar ta ƙone gaba ɗaya, amma ga jeren azara ɗaya bayan ɗaya, ga shatin yatsun magini a jikin yaɓe, ga buzu da buta a kusurwa. Waɗannan biyun su ne dalilin duk wahalar.

Lightroom ya samu wannan aikin ne a 2015, kuma shi na fi buɗewa. Ka zaɓi hotunan, ka danna Ctrl da H, ka sa alamar daidaita su idan an ɗan samu gocewa, shi ke nan. Abin da yake ba ka fayil ne na DNG wanda har yanzu ɗanye ne, kana iya gyara launin haske kamar ba a taɓa shi ba, majanyin haske kuma, wato abin da ake ja a manhaja don ƙara haske ko rage shi, da ke tsayawa a mataki biyar kowane gefe yana buɗewa zuwa goma. Da farko hoton kan fito ba armashi, kamar ba a yi komai ba, kuma wannan ne ya sa nake sonsa. Ni zan sauke hasken taga, ni zan ɗaga inuwa, in tsaya inda ido ya yarda. Ɗakin yana fitowa ɗaki, farin fenti fari, tayil da launinsa.

Photomatix ya girme shi a wannan fage, tun 2003 yake, kuma aikinsa ke nan ba wani ba. Saye ɗaya ake yi masa maimakon biyan wata-wata, ana kuma iya gwada shi kyauta, sai dai yana buga tambarinsa a jikin hoton gwaji. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake maganin abin da ya motsa. A ce iska ta kaɗa labule, ko yaro ya leƙo ƙofa a hoto na biyu, sai abin ya fito rabi-rabi kamar fatalwa. A Lightroom matakai uku ne za ka zaɓa, kaɗan ko matsakaici ko da yawa, manhajar ta yanke hukunci da kanta. A Photomatix kuwa kai za ka zagaye wurin da hannunka, ka ce daga hoto kaza za a ɗauko shi. Ga mai gidaje da yawa a rana guda, yana iya haɗa tarin hotuna a jere yayin da kake wani abin. Cikin hanyoyinsa na fi amfani da wadda ke narka hotunan kai tsaye, Exposure Fusion, domin ita ta fi kusa da abin da ido ya gani.

Amma Photomatix yana ba mutum iko da yawa, kuma nan hannu ke zarcewa. Idan aka ja majanyin ƙarfi har ƙarshe a wata hanyar tasa mai suna Details Enhancer, sai wani farin zobe ya kewaye rufin gida da reshen bishiya, gajimare ya yi baƙi kamar hadari, kowane tabo a bango ya taso. An yi yayin irin wannan hoto a intanet shekarun baya, har yau wasu suna ɗaukarsa shi ne ƙwarewa. Wani dillali ya taɓa nuna mini hoton falo da wani ya yi masa haka, ya ce, "Malam, dubi don Allah, kamar an yi gobara an kashe. Wa zai kama wannan?" Gidan kuwa sabon fenti ne. Laifin mai ja ne, ba na majanyi ba. Akwai kuma abin da masu aiki a ƙasar ƙura za su lura: duk ɗigon ƙurar da ke kan firikwensin kyamara, wato ɓangaren cikinta da ke kama hoto, wanda ba ka gani a hoto ɗaya, haɗin nan yana fito da shi ɓaro-ɓaro a sararin sama. A goge kafin a fita.

Akwai inda ba na ma tunanin HDR. Ranar da hazo ya sauka lokacin hunturu, tazarar haske da duhu ta riga ta ragu, hoto ɗaya ya wadatar. Hawan sallah ma haka, ko da yake farar babbar riga da fuska a ƙarƙashin rawani cikin rana suna neman a yi musu shi: doki ba ya tsayawa a ɗauke shi sau uku. A nan ina saita don kada rigar ta ƙone, in ɗaga fuskar daga baya, domin kyamarorin yanzu suna riƙe mataki goma sha biyu zuwa sha huɗu a fayil ɗaya idan ISO yana ƙasa.

Wayoyi kuwa sun daɗe suna yin nasu a ɓoye, iPhone tun 2010, wayoyin Google kuma da HDR+ da ke ɗaukar hotuna masu ɗan duhu a jere cikin ƙiftawar ido ya haɗa. Don tura wa mai neman haya ta WhatsApp sun isa har da saura. Inda suke gazawa shi ne idan za a buga hoton da girma, ko kuma kana son inuwa ta zauna inuwa, domin waya takan haska ko'ina daidai wa daida, zauren ya rasa duhun da ya sa shi zaure.

Wanda ya riga yake gyara hotunansa a Lightroom ba ya bukatar ƙarin saye, abin da ke ciki ya ishe shi. Photomatix na mai aikin gidaje ne da yawa, ko wanda labule da ganye da masu wucewa ke yawan ɓata wa haɗi. Idan kuɗin abu ɗaya ne a hannu, a fara sayen mai ƙafa uku mai nauyi wanda iska ba ta kaɗawa.