Lemun da ba a sha, amma ana duba shi kamar ragon layya

Kawu, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, da su Inna da yara. Kun ce in riƙa ba ku labarin kasuwannin ƙasar nan. To ga wani ciniki da na gani, na ce wannan sai ku, da kuka ƙare ƙuruciyarku a kara kuna buɗe bakin raguna.

Unguwar da nake kai kaya a Buruklin, ta birnin Niyok, yawancinta Yahudawa ne. Suna da bikin kaka da suke kira Sukkot, kwana 7, yana kamawa ranar 15 ga watansu na Tishri, kwana 5 bayan babban azuminsu. Kowane gida sai ya kafa rumfa a ci abinci a ciki, tunawa da shekara 40 da Bani Isra'ila suka yi a hamada. Rumfar ma a kwali ake sayar da ita, ka ɗaure da kanka, rufin kuma dole ya zama tsiro, irin su gora. Na ce a raina, da zanarmu da karan dawa sun iso nan da mun yi arziki.

Amma ainihin cinikin na abu huɗu ne: zangarniyar dabino wadda ganyenta bai buɗe ba, rassa 3 na wani itace mai ƙamshi da suke kira hadas, rassa 2 na wani itacen bakin rafi, sai wani lemu mai kaurin ɓawo, etrog. Ana ɗaure ukun wuri ɗaya, a haɗa da lemun a hannu, a kaɗa gabas, kudu, yamma, arewa, sama da ƙasa, kullum ban da Asabar.

Lemun nan shi ne ragon. Daga Kalabiriya ta Italiya ake kawo shi, da Maroko da Isra'ila, kowanne a naɗe cikin akwatinsa. Na ga dattijo ya ɗauki kusan rabin awa yana juya ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin fitila, da madubin ƙara girma, yana neman ɗigon baƙi. In ɗan tsinin kansa ya karye, ya tashi daga aiki, kamar dai a ce ragon layya ya rasa ido. Abin da ya ba ni dariya, a gida mangwaron aure ne mai daraja, nan kuwa in an yi wa itacen aure, lemunsa bai halatta ba. A gabana wani ya ƙirga dala 200 a kan guda ɗaya, ko tayi bai yi ba. Wanda kuma bai iya dubawa ba, sai ya kai wa malaminsu ya duba masa, ko ya sayi wanda aka riga aka tantance aka liƙe. Wannan kam sun fi mu. A kara, in ba ka da ido sai abin da dillali ya ce.

Mai shagon da nake wa dako ya yi min bayani yana ɗaure dabino. Lemun yana da ɗanɗano da ƙamshi, shi ne mai ilimi da aiki. Dabino ɗanɗano ba ƙamshi, ilimi ba aiki. Hadas ƙamshi kawai. Na bakin rafi ba ko ɗaya, amma in babu shi ɗaurin bai cika ba. Ya ce haka jama'arsu take, ba a yar da kowa.

Ranar farko na sha faɗa, don na jibge akwatunan kamar buhun albasa. Biki na wucewa kuwa farashi ya zube, ya ba ni guda biyu kyauta. Wasu dafa shi suke yi da sukari. Nawa suna cikin mota, har yau fasinjoji na tambaya wane turare nake sawa.