Gwajin jijjigar benen katako: wanne ya dace ka biya wa kuɗi?

Katakon CLT, wanda ake manna falanki a kan falanki a gicciye har ya zama bango ko daɓe, ba shi da nauyi. Mita kubik ɗaya ba ta cika wuce kilo 500 ba, alhali kankare yana kai kilo 2,400. Wannan rashin nauyi shi ne ribarsa, shi ne kuma silar jijjigarsa. Ko benen Mjøstårnet na ƙasar Norway, mai hawa 18 da tsawon mita 85.4, wanda aka kammala a 2019, sai da aka sa masa daɓen kankare a hawayen sama don ya yi nauyi, iska ta rage kaɗa mazauna.

Kafin ka kira masu gwaji, ka tantance abin da ke damunka, domin matsalar iri biyu ce. Akwai rangajin ginin gaba ɗaya idan iska ta taso, wanda yake tafiya a hankali, sau da yawa kusa da Hz 1 (wato kaɗawa ɗaya a daƙiƙa) ko ƙasa da haka. Akwai kuma rawar daɓe ƙarƙashin ƙafa, wadda ta fi sauri nesa ba kusa ba. Kayan aikin da ya kama ɗaya ba lallai ya kama ɗayar ba.

Mafi sauƙin kuɗi shi ne gwajin da ba a taɓa ginin. A dasa na'urorin auna jijjiga, a bar iska da zirga-zirgar motoci su yi aikinsu. Yana fitar da saurin kaɗawar ginin na asali da yadda yake lanƙwasa, kuma alƙalumansa a nan abin dogaro ne. Sharaɗinsa tsawon lokaci: a ɗauki bayani na aƙalla ninki 1,000 na lokacin kaɗawa ɗaya. Ƙa'idar gini ta Turai, Eurocode 1, tana ƙiyasta saurin da raba 46 da tsawon gini a mita, don haka bene mai mita 50 zai ba da wajen Hz 0.9, wato minti 20 shi ne mafi ƙanƙanta. Wanda ya zo ya ɗauki minti biyar ya naɗe kayansa, bai yi maka aiki ba. Inda wannan gwaji yake da rauni shi ne auna saurin lafawar jijjiga. A ginin katako, mahaɗai na kusoshi da farantan ƙarfe ne suke shanye yawancin ƙarfin motsi, kuma ba sa gogayya sosai sai motsin ya yi girma. Adadin da aka samu a rana mai shiru ba shi ne na ranar guguwa ba.

Idan lafawar ce kake nema, sai injin jijjiga. Ana hawa da shi saman bene, a riƙa sauya saurinsa sannu a hankali har ya dace da na ginin, a auna ƙarfin da aka sa da motsin da ya fito, sannan a maimaita da ƙarfi daban-daban. Ya fi tsada ƙwarai, yana buƙatar ɗaga kaya masu nauyi da dakatar da sauran aiki. A ganina bai cancanci kuɗinsa ba a ƙaramin bene mai hawa huɗu ko biyar, amma a dogon gini da ake tunanin sa masa na'urar rage rangaji, tsallake shi ganganci ne.

Shi kuwa daɓe, guduma mai auna ƙarfin bugu ta wadatar, ko mutum ya ɗaga ƙafa ya dira da diddige a tsakiyar ɗaki. Eurocode 5, na ginin katako, ya daɗe yana sa Hz 8 a matsayin iyaka ga daɓen gidajen zama. Dalili kuwa, mutum yana taka ƙasa kusan sau biyu a daƙiƙa, kuma ninkin wannan taku na biyu da na uku da na huɗu suna iya cin karo da saurin daɓen. Daɓe mai Hz 6, mai tafiya da taku 120 a minti zai sa shi rawa har ruwan kofi ya riƙa motsi a kan tebur. Don haka ka nemi a haɗa da gwajin tafiya, a saita takun da na'urar ƙidayar bugu, a bi ma'aunin EN 16929 wajen gwaji da ISO 10137 wajen yanke hukunci.

Batun na'urori kuwa, ka tambayi irinsu da sunansu. MEMS, wato ƙananan na'urori irin na cikin wayar hannu, suna da araha kuma suna kama motsi mai jinkiri, sai dai masu arahar cikinsu hayaniyarsu tana binne ƙaramin motsi. Na piezo, masu juya motsi zuwa siginar lantarki, sun dace da daɓe, amma da yawansu ba sa ji sosai ƙasa da Hz 1. Ga dogon bene, masu daidaita ƙarfi irin na masu nazarin girgizar ƙasa su ne gaba. Marasa waya suna rage wahala, amma idan agogonsu bai zo ɗaya ba, siffar lanƙwasar za ta fito a karkace. A sa aƙalla biyu a kusurwoyi masu nisa da juna don a kama murɗawa, a bar ɗaya a wuri guda ba a motsa ta har a gama. A ɗaure su da jikin katakon ko a kan faranti mai nauyi, ba a kan kafet ba.

Lokacin gwajin ma yana sauya sakamako. Simintin da ake shimfiɗawa a kan CLT yana ƙara nauyi, bangayen raba ɗakuna suna ƙara tauri da lafawa, damshin katako kuma yana sauyawa da yanayi. Ka rubuta a kwangila cewa za a gwada sau biyu, kafin shimfiɗa da bayan kammalawa, a rubuta saurin iska da damshin katako na ranar, kuma a miƙa maka ɗanyen bayanan tare da rahoton, domin wani injiniya ya iya sake lissafin.