Naɗin fim na 16mm ko Blu-ray?

Masu sha'awar tsofaffin finafinan faɗa marasa murya, irin na zamanin Douglas Fairbanks a Amurka, sun sha tambayar wanne ya kamata su tara.

Ta fuskar kuɗi, Blu-ray, wato faifan bidiyo, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Naɗin 16mm, wato fim mai faɗin milimita 16 wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923, sai an haɗa da majigi da ƙwan fitilarsa. Kuma a nemi majigi mai rage gudu, domin yawancin finafinan nan an ɗauke su ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa. Aka haska su a 24, sai ka ga masu takobi na ta rawar jiki.

Ajiya ce babban aiki. Zafi da laima suna cinye naɗin: da ka buɗe gwangwani ka ji tsami ya bugi hanci, lalacewa ta fara. Ware shi, kada ya shafi sauran. Faifai kuwa, ƙarzuwa ce matsalarsa.

Wajen daraja, naɗi mai lafiya ya yi gaba, tunda kullum yawansa raguwa yake.

Mai son kallo tsaf da kiɗa, Blu-ray ya ishe shi. Mai ɗaki mai sanyi da haƙurin kula da majigi, 16mm nasa ne.