Manhajar auna kiɗa da jaz a wurin dina: inda ta iya da inda take ruɗewa

A Bauchi yanzu da wuya ka yi aikin dina ba a aiko maka cewa "DJ, a sa mana mai sanyi" ba da zarar an fara raba abinci. A lokacin nake sako jaz, wanda babu waƙa a ciki, sai saksafon da fiyano. Wahalar kullum a wurin haɗi take, wato ka fita daga wannan kiɗa ka faɗa wancan ba tare da sautukan sun yi karo ba. Shi ya sa na sayi wata manhaja da ke sauraron kiɗa ta rubuta maka abu uku: saurinsa, gidan sautinsa (wato key, sautin da kiɗan ya ginu a kai), da yanayinsa.

Gidan sauti ne inda kuɗina ya fita. Tana bin tsarin Camelot, wanda aka zana kamar fuskar agogo, lamba 1 zuwa 12, kowace lamba da A da B. A na maino ne (sauti mai ɗan jimami), B na mejo (mai fara'a). Idan kana kan 8A, za ka iya zuwa 7A ko 9A ko 8B kunne bai ji an sauya ba. A waƙoƙinmu na sitidiyo da kiɗan Legas, waɗanda yawanci ke zaune gida ɗaya daga farko har ƙarshe, wallahi ba ni da ƙorafi. Na zuba mata abin da ke laftof ɗina da dare, na wayi gari ta jera komai.

Jaz kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Ɗauki "So What" na Miles Davis, na 1959. Yana tafiya a D, sai ya hau E-flat na ɗan lokaci, ya sake saukowa, haka yake ta zagayawa. Manhajar lamba ɗaya za ta ba ka. Idan ka shigo da sabon kiɗa daidai lokacin da aka hau ɗin nan, lambar ba ta yi ƙarya ba amma abin da zai fito daga lasifika sai mai cin shinkafa ya ɗago kai. Yanzu ƙarshen kiɗa nake saurara da kaina, na sa alama inda ya dawo gida, a nan nake haɗi.

Sauri ma sai da lura. Sau da yawa takan raba lissafin biyu ko ta ninka shi, kiɗan da ke gudu a BPM 170 (bugu 170 a minti ɗaya) ta rubuta 85. Wannan mai sauƙi ne, ka buga da yatsa ka gyara. Wanda ba ya gyaruwa shi ne tsofaffin fayafayai: mutum ne ya buga gangar da hannunsa, yana ɗan ja yana ɗan saki, don haka layukan da manhajar ta shimfiɗa sukan zame kafin a kai tsakiya. "Take Five" na ƙungiyar Dave Brubeck kuma bugu biyar-biyar yake tafiya, ba huɗu-huɗu ba. Gidansa 2A ne, ta gano daidai, amma ƙirgensa ya sha mata kai. Wani abin da ba ta gargaɗe ka a kai: idan ka ƙara sauri da kusan kashi 6 cikin ɗari ba ka kulle sauti ba (maɓallin da ke hana sautin hawa in an ƙara sauri), kiɗan ya hau rabin mataki, 2A ya koma 9A, lambar da ke allo ta tashi aiki.

Batun yanayi kam, ban ga amfaninsa ba. Ta rubuta wa wani kiɗa "baƙin ciki" don kawai maino ne kuma a hankali yake, alhali shi ne wanda iyaye mata suka fi natsuwa da shi a wani biki a GRA. Wanda ta ce na annashuwa ne, ƙahonsa tsawa yake yi har mutane ba sa jin hirar juna.

Wani ƙanena da ke koyon aikin a Yelwa ya tambaye ni ko ya saya. Na ce masa in kiɗan rawa ne aikinsa, ya saya yau. In don jaz ne kaɗai, ya fara sayen hedifon mai kyau a kasuwar Wunti tukuna, manhajar ta biyo baya in kuɗi ya ragu.