Garin furobayotik na yara: ya taimaka ma ciki, amma ba abin da mai kemis ya faɗa ba ne

Jama'a masu tambayata kan garin furobayotik ɗin nan na leda da muke ba ɗiyar ƙanwata, wato garin ƙwayoyin bakteriya masu amfani ga hanji, ga abin da munka gani.

Yarinyar ciwon Rett gare ta, wanda galibi ɗiya mata yake kamawa, kusan 1 cikin 10,000. Matsalar daga ƙwayar halitta ce mai suna MECP2, tun 1999 anka gano haka. Tana tasowa lafiya sai magana ta ɗauke, ta koma murza hannu kullum, ga taurin bayan gida da kumburin ciki da ke hana ta barci.

To wajen cikin nan ne garin ya yi rana gaskiya. Likitanta ya yi muna bayani cewa ƙwayoyin bakteriya na hanji su ke narka abinci irin su wake da ganye su fitar da wasu sinadarai, kamar butiret, wanda bangon hanji ke rayuwa da shi, kuma bincike ya nuna na yara masu Rett sun bambanta da na sauran yara. Bayan gida ya ɗan yi sauƙi, kukan dare ya ragu, uwar ta samu barci alhamdulillahi. Amma fa lokaci guda munka ƙara mata ruwa da miyar kuɓewa da zogale da kindirmo, don haka ba zan ɗora ma garin duka ladar ba.

Abin da ya ɓata min rai mai kemis ɗin nan na wajen Mabera, wai "Hajiya wanga har magana zai dawo mata da ita". Haba malam! Ciwon da ke cikin halitta? Maganin Rett ɗin da Amurka ta amince da shi a 2023, Daybue, shi kanshi ba warkarwa yake ba, rage alamomi kawai, kuma zawo yake sawa.

Sannan ajiya. Ƙwayoyi ne masu rai, an rubuta a jiki a aje wuri mai sanyi, shi ko ya jera su a kanta cikin zafin Sakkwato na watan Afrilu ba wuta ba fanka. Mun canza shago, inda ke da firij mai sola. Tsada kam akwai ta, kwali ɗaya ba ya jimawa.

Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma in yaro na shan maganin farfaɗiya kada a aje shi saboda wanga, a fara tambayar likitan yara.